Daga Girku Zuwa Wusasa: Turawan Mishan, Harshen Hausa da Kafa Ikilisiya a Arewa

Gabatarwa

Duk lokacin da muka zauna tattauna tarihin rubutun boko, galibinmu mukan fara ne daga gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da sauransu. Amma kafin wannan gasa an yi shekara 90 cur ana rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa, kuma mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki ba adabi ne ya dame su ba. 'Yan mishan ne, masu wa'azin addinin Kirista, waɗanda suka baro ƙasashensu da niyyar kafa ikilisiya, wato jama'ar masu bi, a tsakiyar ƙasar Hausa. Wannan maƙala za ta bi sawunsu tun daga 1841, ta duba abin da suka zo nema da kuma abin da suka samu. Za mu ga cewa sun koyi Hausa ne domin su shawo kan Musulmin Kano da Zazzau da Sakkwato, sai ga shi harshen ya fi yi musu aiki a wurin wasu al'ummu dabam waɗanda tun farko ba su ne a ransu ba. Mu da muke rubutu da wannan harshe ya kamata mu san yadda aka yi haka ta faru, Musulminmu da Kiristanmu baki ɗaya.

Hausar da Aka Koya Daga Nesa

A shekarar 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jiragen ruwa su hawo kogin Kwara, da nufin ƙulla ciniki da kashe fataucin bayi. Ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda aka fi sani da C.M.S., ta sa mutum biyu cikin ayarin. Ɗaya Bajamushe ne mai suna J. F. Schön, ɗayan kuwa Samuel Ajayi Crowther ne, Bayarabe wanda aka 'yanto daga jirgin bayi yana yaro, wanda daga baya, a 1864, ya zama bishop. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a wannan tafiya, aka koma ba a cim ma buri ba. To amma Schön ya lura da wani abu guda: duk kasuwar da suka yada zango sai ya ji ana ciniki da Hausa. Daga nan ya yanke shawarar cewa wanda ya mallaki wannan harshe zai iya magana da miliyoyin mutane a tsakiyar Afirka. Ya riƙa tattara kalmomi daga bakin 'yantattun bayi Hausawa da ke zaune a Saliyo, har ya buga ɗan littafinsa na farko na kalmomin Hausa a 1843.

Babbar sa'ar Schön ta zo ne a 1855, sa'ad da matafiyin nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya koma Turai tare da samari biyu 'yantattu, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram. Ya zauna a gidan Schön a Ingila yana ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa. Da taimakonsa ne Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, ban da fassarar sassan Littafi Mai Tsarki. Abin mamaki shi ne Schön bai taɓa sa ƙafa a Kano ko Katsina ba har ya mutu a 1889. Saboda haka idan ana lissafin magabatan rubutun zube na boko, haƙƙi ne a sa sunan Dorugu a sahun gaba, domin Hausar da ke cikin waɗannan littattafai daga bakinsa mafi daɗinta ya fito.

Kaburbura a Bakin Hanya

Littafi dabam, shiga ƙasa dabam. A 1890 wasu matasa na C.M.S. ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson suka sauka Lakwaja da sabuwar dabara. Suka sa riga da rawani, suka ci abincin mutane, suka ce ba sa son kariyar gwamnatin Ingila, a ɗauke su kamar kowane talakan sarki. Ba su wuce Lakwaja da nisa ba, Robinson ya mutu a 1891, Brooke ya bi shi a 1892. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiya a Ingila ta nazarin Hausa, wadda ta aiko ɗan'uwansa Charles Henry Robinson ya zo har Kano a ƙarshen 1894. Shi ne ya tattara waƙoƙin malamai na ajami ya buga a 1896, daga baya kuma ya yi nasa ƙamus ɗin.

A daidai wannan lokaci, cikin Disambar 1893, wasu samari uku suka sauka Ikko, su ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Ba su da wata babbar ƙungiya a bayansu. Bingham ya kwanta ciwo ya tsaya a Ikko, sauran biyun suka nufo Arewa. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, kudu da Zariya, Kent kuma ya mutu a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida, kuma shi ne ya ci gaba da ƙungiyar da ta zama S.I.M., wadda sai a yunƙurinta na uku ta samu kafa tasha a Patigi ta ƙasar Nufe a 1902. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa: shekara 60 bayan tafiyar Schön, babu ko majami'a ɗaya a cikin ƙasar Hausa.

A Fadar Sarkin Kano Alu

A farkon 1900, watannin da Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar zuwa Kano. Cikinsu akwai wani matashin likita mai suna Walter Miller. Kafin su taso, wasunsu sun je Tarabulus ta Libiya sun zauna cikin Hausawa fatake da mahajjata suna koyon harshe. Lugard bai so wannan tafiya ba, don a lokacin ikonsa bai kai Kano ba, amma suka yi gaban kansu.

Sun isa Kano cikin watan Afrilu. Sarkin Kano Aliyu Babba, wato Alu, ya karɓe su a fada cikin fushi. Da suka ce sun zo koyarwa ne da ba da magani, sai ya nuna musu cewa Kano tana da malamanta kuma tana da Alƙur'ani, ba ta bukatar wasu masu koyarwa, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka juyo Zariya, daga nan suka koma Girku inda sojan Turawa ke da sansani. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya mutu.

Me ya sa suka yi zaton za a karɓe su? A nan ne babban kuskuren lissafinsu yake. A rubuce-rubucensu na wancan zamani sun ɗauka cewa Musuluncin Bahaushe na fatar baki ne, wai Fulani ne suka ɗora masa shi da takobi a jihadin 1804, saboda haka da zarar an karya mulkin Fulani talakawa za su rungumi sabon addini. Ba su yi la'akari da cewa Musulunci ya shigo Kano tun ƙarni na 14 ba, kuma ya riga ya shiga cikin suna da aure da gado da ciniki da shari'a. Sun tarar da al'umma mai makarantun allo da na ilmi, mai rubutunta na ajami, mai alƙalai da littattafai. Daɗin daɗawa, sun iso ne tare da sojan da suka ci ƙasar da yaƙi, ga fata ɗaya ga harshe ɗaya, don haka talaka bai ga dalilin da zai bambanta Nasara mai bindiga da Nasara mai littafi ba.

Alkawarin Lugga

Bayan an ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugard ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Turawan mulki 'yan kaɗan ne, kuma da sarakuna suke mulkin ƙasar, saboda haka ba sa son abin da zai tayar da tarzoma. Gwamnonin da suka biyo bayansa suka fassara wannan alkawari da cewa ba za a bar 'yan mishan su zauna a ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Wannan ya jawo doguwar jayayya tsakanin Turawan mulki da Turawan mishan, wadda ta kai shekara 30 ana yi. Saboda haka masu cewa mulkin mallaka da mishan abu guda ne sun faɗi wani ɓangare na gaskiya, domin takobin Lugard ne ya buɗe hanyoyi ya kuma tsare rayukan masu wa'azi. Amma a ƙasar Hausa ita kanta, gwamnatin mallaka ce ta tare musu ƙofa.

Miller kaɗai ya samu rangwame. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, aka ba shi izinin zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Hausarsa ta kai inda Turawan gwamnati ke zuwa wurinsa ɗaukar jarrabawa. Amma bai iya ɓoye ƙiyayyarsa ga mulkin sarakuna ba, ya riƙa kai ƙarar zaluncin da yake gani, har zama ya yi tsami tsakaninsa da fada da kuma Razdan. Waɗanda suka karɓi addininsa cikin birni ba su da yawa, kuma galibi yara ne da suka tashi a gidansa.

Isawa da Ƙauyen Gimi

Jama'a ta farko mai ɗan yawa da ta zo hannun Miller ba wa'azinsa ne ya samar da ita ba. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi na musamman. Malaman gari suka ga ya kauce, aka yanke masa hukuncin kisa wajejen 1867, almajiransa suka watse zuwa ƙasar Ningi da ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Su ne ake kira Isawa. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo Zariya wurin Miller don su ji abin da yake faɗa game da Isa. Ba dukkan Isawa ne suka zama Kirista ba, amma waɗanda suka zama ɗin an tara su a ƙauyen Gimi na ƙasar Zazzau, suna noma suna karatu, ƙarƙashin wani baƙar fata mai wa'azi daga tsibiran Karebiyan mai suna W. A. Thompson. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya auka wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira aka kwashe su zuwa Zariya.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, a bayan ganuwa. A can aka gina majami'ar Saint Bartholomew da tubalin ƙasa, da bakan gizo irin na soron Hausawa, aikin magina na Zazzau, ga asibiti ga makaranta. Jama'ar Wusasa ba ta taɓa yin yawa ba, amma abin da ta yaye ya fi ƙarfin adadinta. Daga nan Dakta Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949. Daga nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, jikan Isawa, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa mai wa'azi ne daga ƙasar Angas. Mu marubuta kuma muna da namu rabon, domin John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan Wusasa ne.

Littafin 1932 da Inda Ya Sauka

Da aka fitar da mishan daga birni, Miller ya koma Kano ya duƙufa kan aikin da ya daɗe yana yi, wato fassara. Tare da wakilan sauran ƙungiyoyi, irin su Dakta Andrew Stirrett na S.I.M., da kuma Hausawan da suka riƙa gyara musu magana, aka kammala Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa aka buga a 1932. Da boko aka buga shi, ko da yake tun da farko an fitar da wasu sassan Linjila da ajami. Miller yana cikin waɗanda suka matsa wa gwamnati ta ɗauki boko a maimakon ajami. Masu fassarar sun ɗebi kalmomin da Musulunci ya riga ya shigar cikin Hausa, irin su Allah da annabi da mala'ika da Attaura da Zabura da zunubi da tuba, domin babu wata hanyar yi wa Bahaushe zancen addini sai da su.

To, wa ya karanta littafin? Tun da aka hana 'yan mishan ƙasashen sarakuna, sai suka karkata zuwa ga al'ummun da ke bin addinan gargajiya. Ƙungiyar S.U.M., wadda Bajamushe Karl Kumm ya kafa, ta sauka Wase a 1904, daga baya ta shiga Langtang da ƙasar Birom. 'Yan Katolika suka kafa tasha a Shendam a 1907, 'yan Denmak suka sauka Numan a 1913, 'yan Amurka na Cocin 'Yan'uwa suka zauna Garkida a 1923. A 1910 ƙungiyoyin da ba na Katolika ba suka yi taro a Lakwaja don su daidaita aikinsu, kada su riƙa cin karo da juna a wuri guda. Matsalar da ta fuskance su duka ita ce yawan harsuna. A Filato da kudancin Zazzau da Adamawa, tafiyar yini guda kan fitar da mutum daga wani harshe ta shigar da shi wani. Ba su da ma'aikatan da za su koyi kowanne su fassara littafi a cikinsa. Ga Hausa kuwa a shirye, da nahawunta da ƙamus da cikakken littafi, kuma fatake da ma'aikatan haƙar kuza da 'yan doka sun riga sun kai ta ko'ina.

Ta haka Hausa ta zama harshen majami'a a wurin mutanen da kakanninsu da yawa suka hau duwatsu don gudun harin bayi daga ƙasashen sarakuna. Makarantar Gindiri da aka buɗe a 1934 da Hausa ta riƙa horar da masu bishara, su zo da matansu, su yi karatu su yi noma, sa'an nan su koma ƙauyuka su ci da kansu. A 1938 S.U.M. ta naɗa fastocinta na farko 'yan ƙasa su uku: Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot. Irin waɗannan mutane, da ɗaruruwan masu bishara da ba a rubuta sunayensu ba, su ne ainihin waɗanda suka kafa majami'u ƙauye bayan ƙauye. Baturen mishan yana tasha, su kuwa suna cikin jama'a, sun san wanda za a fara gaisarwa, sun san abin da ba a faɗa a gaban dattawa. Wannan ya yi daidai da ra'ayin Henry Venn, sakataren C.M.S. na ƙarni na 19, wanda ya ce ikilisiya ba ta kafu ba sai ta iya ɗaukar nauyin kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta. A 1954 majami'un S.I.M. suka zama E.C.W.A., a 1955 kuma na S.U.M. suka haɗu cikin tarayyar da yau ake kira TEKAN, wadda sunanta ma da Hausa yake.

A ƙasashen sarakuna kuwa, ƙofar da wa'azi ya kasa buɗewa magani ne ya buɗe ta. Cikin shekarun 1930 aka sassauta doka, aka miƙa wa S.I.M. kula da kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, aka kuma buɗe asibitin ido na Kano a 1943. A ƙasar Nijar sun sauka Damagaram a 1924, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Dubban Musulmi sun sha magani a waɗannan wurare sun koma gida da addininsu. Hausawan da suka shiga Kirista da ɗan yawa daga baya Maguzawa ne na karkarar Kano da Katsina da Zazzau, kuma galibi ta hannun masu bishara 'yan ƙasa, waɗanda suka zo musu da Hausar da suka koya a majami'a.

Ribar da Hasarar

Kowane ɓangare ya samu, kuma ya rasa. Ƙananan harsuna sun biya farashi mai tsada, domin yaron da ya yi addu'a da waƙa da karatu da Hausa yakan girma harshen uwarsa ya yi masa rauni, wasu al'ummu kuma sun jira shekaru da dama kafin a fassara musu littafi da nasu harshen. Musulmin Arewa sun tsare addininsu, amma da yake makarantar zamani ta fara zuwa ne a hannun mishan, iyaye da yawa suka guje ta, gwamnatin mallaka kuma ba ta gina isassu nata ba. Giɓin ilmin da wannan ya haifar tsakanin sassan ƙasa ya daɗe yana damun Arewa. Hausa ita ce ta fi kowa riba. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909 ya kuma tsara ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, da mishan ya fara zuwa ƙasar nan, kuma a makarantarsa Dorugu ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa. G. P. Bargery, mai babban ƙamus na 1934 wanda har yau ba mu da kamarsa, shi ma ɗan C.M.S. ne kafin ya koma ma'aikatar ilmi.

Kammalawa

Miller ya rayu har 1952, ya mutu a ƙasar Filato, bayan ya rubuta wani littafi a 1947 wanda sunansa ma tambaya ce a kan ko Turawa sun gaza a Nijeriya. Idan aka auna shi da burin da ya kawo shi Kano a 1900, bai samu abin da ya zo nema ba. Amma littafin da ya ba da rayuwarsa wajen fassarawa ya zama abin karantawa a dubban majami'u daga Kafanchan zuwa Mubi.

Abin da ya rage gare mu 'yan ƙungiya shi ne mu gane cewa masu karanta Hausa sun fi yawan waɗanda muke rubuta wa. Akwai miliyoyin mutane da suka koyi karatun boko da Hausa a majami'a, suna da waƙoƙinsu, musamman na Zumuntar Mata, suna da nasu salon magana, amma da wuya mu gan su a cikin ƙagaggun labaranmu, su ma da wuya littattafanmu su kai hannunsu. Har ila yau, labarin Dorugu da na Malam Ibrahim da na ƙauyen Gimi duk suna nan ba wanda ya mayar da su littafin hikaya ko wasan kwaikwayo da Hausa. Tsofaffin da suka ji waɗannan labarai daga bakin iyayensu suna ta ƙarewa a Wusasa da Ningi da Gindiri. Muna kira ga matasan marubutanmu, musamman na rassan Kaduna da Kano da Filato da Bauci, da su ɗauki littafi da alƙalami su je su zauna da su tun ana iya samunsu.